Hannun Daman Turmi

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Bai zo ba. Na buɗe ɗakin atisaye tun shida saura, na share ƙasa, na ɗaure igiyar filin da ta saki, na rataye buhunan naushi. Shayin da na haɗa masa ya huce a kan benci, na shanye abina.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koya wa ɗan yayata damben zamani, bai taɓa fashin Litinin ba. Ko ranar da aka haifa masa 'ya sai da ya zo ya yi tsallen igiya kafin ya wuce asibiti. Turmi muke ce masa, don gajere ne mai kauri, in ka daka shi kai ne za ka gaji. Wasa goma sha tara ya yi a cikin ƙwararru, ba a taɓa cin sa ba.

Maiɗakina ce ta ce in riƙa rubutawa, ya fi in riƙa zagaya tsakar gida ina magana da bango. To, ga shi ina yi.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Bai zo ba. Na share ƙasa.

Laraba, bayan azahar

Bari in rubuta abin da ya faru ranar Asabar, ko zai daina yi mini yawo a ka.

Turmi ya shiga neman almakashi a durowata don ya yanke bandeji, sai ya ci karo da littafin nan mai shuɗin bango. A ciki nake rubuta duk ɗan damben da aka taɓa kawo mana tayinsa, da abin da na yanke a kansa. Waɗanda na karɓa shafi biyu ne. Waɗanda na ƙi shafi tara. A gefen kowane suna akwai dalili: wannan ya cika tsawon hannu, wannan yana kai zagaye goma bai gaji ba, wannan bahago ne. Duk inda na rubuta bahago na ja layi biyu a ƙasa.

Da na shigo na same shi zaune a bakin fili, littafin a cinyarsa.

Ya ce, "Kawu, ashe gaskiyar masu rediyo ne? Zaɓa mini kake yi?"

Na ce kowane koci zaɓa wa ɗan wasansa yake yi, aikin ke nan.

Ya ce, "Mutum bakwai a nan ka ce mini su ne suka ji tsorona suka janye."

Ya ajiye littafin a hankali, ya kwance bandejin hannunsa ya naɗe shi tsaf kamar yadda na koya masa, ya fita. Da ma ya buga ƙofa, da na fi jin sauƙi.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Mai Kwat ya kira ni. Shi ne mai shirya wasannin garin nan, ko zafi ya kai ina ba ka ganinsa ba kwat. Ya ce yana taya ni murna, Turmi ya sa hannu jiya, zai kara da wanda ake ce wa Bahago, zagaye goma, nan da sati huɗu. Ya ce, "Na zaci da saninka, Koci."

Na ce da sanina. Me zan ce?

Bahagon nan shi ne sunan ƙarshe a shafi na tara. Sau uku ina ƙin sa.

Asabar, da yamma

Na kalli wasannin Bahago guda huɗu a waya, har maiɗakina ta ce in na ƙara kusantar da ita fuskata sai naushin ya same ni.

Dogo ne, hannunsa ya fi na Turmi da tafi guda, ko fiye. Ƙafar dama yake sawa gaba kamar kowane bahago, ya yi ta taɓa ka da hannun dama kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa, ba don ya ji maka ba, don dai ya auna inda kake. Hagun kuwa yana ajiye a haɓarsa, ba ya sakinsa sai ya ga hanya. In ya sake shi, gefen dama na fuskarka yake sauka, daidai inda hannunka na dama ya kamata ya kasance yana tsaro.

Ba shi da gaggawa. Wannan ne ya fi damuna.

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Bai zo ba. An ce yana atisaye a wani ɗaki da ke ƙetaren gada.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ta zo. Shekarata hamsin da shida, gemuna fari fat, amma har yau Auta take ce mini. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna a kan bencin ɗaga ƙarfe, jakarta a ƙirji.

Ta ce, "Auta, ka hana wasan nan."

Na ce ba ni na sa hannu ba, kuma ɗanta shekararsa ashirin da tara, ba yaro ba ne.

Ta ce, "Sau ɗaya ka taɓa kawo mini shi a hannu. Ba na son na biyu."

Shekara ashirin da biyu ba ta taɓa ɗago maganar haɗarin da na yi da shi a babur ba sai yau. Da ta faɗa kuma sai ta kau da kai tana duban buhunan, ta ce wannan na tsakiya ya yage, in kawo mata ta ɗinke. Na raka ta bakin titi. Mun yi maganar tsadar man fetur har ta sami mota.

Alhamis, da hantsi

Na je ƙetaren gada sayen igiyar tsalle. Ina da igiya shida a ɗaki.

Ta taga na hango shi. Sabon kocin ya miƙar da shi tsaye, kai a sama, yana koya masa jifa daga nesa. Turmi da jifa daga nesa! Mutumin da hannunsa bai kai ya ɗauko kofi daga can ƙarshen tebur ba. Ni duƙar da shi na yi tun ranar farko, na ce ya karkata hagu, ya shige ƙarƙashin hannun mutum, ya manne masa a ƙirji, ya yi ta dukan haƙarƙari har numfashi ya ƙare. Na ce masa salonsa ke nan, mai gama aiki da wuri. Cikin wasa goma sha tara, sha shida ba su wuce zagaye na biyar ba. Yana alfahari da wannan. Ban taɓa gaya masa dalilin da ya sa nake son a gama kafin na shida ba.

Na sayi igiyar na dawo.

Asabar, ƙarfe bakwai na safe

Na share ƙasa.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Ya zo.

Ina cikin shara na ji inuwa a ƙofa. Kumatunsa na dama ya kumbura, idon ya ɗan rufe. Ya gaishe ni kamar kullum, na amsa kamar kullum. Ya ce sun samo masa wani bahago ya gwada hannu da shi ranar Asabar, wani da ko sunansa ba a sani ba. Zagaye huɗu Turmi yana wasa da shi. A na shida sai ya tsinci kansa zaune a ƙasa.

Ya ce, "Ban ga inda ya fito ba, Kawu. Nuna mini."

Na saka masa safar hannu, na tsayar da shi gaban madubi, na ce ya doki buhu minti uku, ya huta ɗaya, kamar a wasa, kuma duk hutu ya dawo ya tsaya ya ɗaga hannu a haɓa. Zagaye na farko hannuwan biyu daidai. Na uku daidai. A na biyar na ɗauko alli na ja layi a madubi inda safar dama ta tsaya. A na shida na sake ja. A na bakwai na sake. Layi uku, kowanne ƙasa da ɗan'uwansa, kamar matakala. Hagu kuwa yana nan inda yake.

Ya daɗe yana kallon layukan. Ya ce, "Ni ji nake yana sama."

Na ce na sani. Na ce ƙashin kafaɗar nan da ya karye yana ƙarami bai ɗoru daidai ba, ya ɗan gajarce. Ƙarfin naushi yana nan, riƙewa a sama ce ba ya iyawa in an daɗe. In da mai hannun dama yake wasa, abin ba ya cika fitowa, don babban naushinsu ta ɗaya gefen yake zuwa. Bahago kuwa nan ne ƙofarsa.

Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya. Me ya hana ka faɗa mini?"

Na ce ɗan damben da ya san inda ya ɓule, nan yake kallo maimakon abokin karawarsa. Wannan gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba ce. Ɗayar ban faɗa ba.

Na ce ya janye. Ya ce a'a. Ya faɗa ba da fushi ba, kamar wanda aka yi wa tayin ƙarin shinkafa ya ce ya ƙoshi.

Ya ce, "In na janye, duk sha taran nan naka ne, ba nawa ba. Gobe ƙarfe nawa?"

Na ce shida.

Laraba, bayan azahar

Saura kwana goma sha bakwai. Ba a sake wa mutum kafaɗa a kwana goma sha bakwai, ƙafa muke gyarawa. Na zana layi a ƙasa, na ce duk taku ya sa ƙafarsa ta hagu a wajen ƙafar Bahago ta gaba, ya riƙa zagayawa hagu, nesa da hannun nan. In ya shiga ciki kada ya fito a miƙe, ya fito ta gefe. In ya ji nauyi a kafaɗa ya rungume mutumin, ya ɗora masa kansa a ƙirji har alƙalin wasa ya raba su.

Ya ce runguma aikin matsorata ne. Na ce aikin masu son cin abinci da haƙoransu ne. Ya yi dariya. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin littafin.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Na sake kallon Bahago, yau da wani ido. Sai na lura da abin da ban taɓa lura ba. Duk waɗanda ya doke dogaye ne irinsa, masu tsayawa daga nesa. Ba gajere ko ɗaya. Ba a taɓa sa masa kai a ƙirji ba, ba a taɓa dukan cikinsa da gaske ba. Ashe shi ma akwai mai riƙe masa littafi.

To me ya sa yanzu suka yarda da gajere? Na san amsar, sun gano kafaɗar. Na kashe wayar.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Gwajin likita. Ta duba ido, ta duba jini, ta sa shi ya ɗaga hannu sama ya sauke, ta danna kafaɗar. Ta ce tsohuwar karaya ce, ta warke, ba cuta ba ce, ba abin da zai sa ta hana shi. Ta buga hatimi.

A nan zan rubuta, don ba mai karantawa: ina zaune a kujerar nan ina fatan ta ƙi bugawa.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Ƙafa, ƙafa, ƙafa. Zagaye takwas a buhu. Layin alli na bakwai ya ɗan hau, kamar faɗin yatsa. Ko kuwa idona ne ke so.

Alhamis, da yamma

Yaya ta aiko da buhun ta ɗinke shi. Ba saƙo.

Asabar, bayan atisaye

Mun yi maganar tawul. Shi ya fara. Ya ce ya san halina, da Bahago ya taɓa shi sau ɗaya zan jefa tawul in tsayar da wasa. Na ce ba ƙarya ya yi ba.

Ya ce, "Mu yi haka, Kawu. Duk hutu ka tambaye ni hannun. Ba zan yi maka ƙarya ba. In na ce ya ƙi, shi ke nan, ka jefa. Amma kada ka riga ni."

Na ce in ya faɗi bai san inda yake ba fa?

Ya ce wannan kuma ba sai ya ba ni izini ba.

Muka tafa. Hannunsa duk gumi.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Saura huɗu. Ba ya cin komai sai dafaffen ƙwai da ganye, yana kallon burodina kamar ya san shi a wani wuri.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

An yi awo, duka biyun sun shiga nauyi. Da suka tsaya fuska da fuska don hoto, goshin Turmi a haɓar Bahago ya tsaya. Mai Kwat sai washe baki yake.

Kocin Bahago tsohon sani ne, mun taɓa karawa muna samari, ya fasa mini hanci, na fasa masa gira. Ya ja ni gefe muka gaisa, ya tambayi iyali. Da zai tafi sai ya taɓa kafaɗarsa ta dama da yatsa biyu, ya ce, "Daga na shida, ko?"

Na ce, "Naka kuma cikinsa, daga na farko."

Muka yi dariya mu biyu. Ba wanda abin ya ba dariya.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Na haɗa jaka. Bandeji, almakashi, robar baki biyu, man gira, ƙanƙara, tawul. Na fito da tawul ɗin na mayar sau biyu.

Lahadi, ƙarfe takwas na safe

Yana gida, lafiyarsa ƙalau. Wannan na fara rubutawa.

Zagaye na farko ya shiga kamar yadda muka tsara, ƙafa a waje, kai a ƙasa. Naushin farko da ya sa wa Bahago a haƙarƙari, daga kusurwa na ji ƙararsa, na kuma ga bakin mutumin ya buɗe. Na biyu da na uku duk namu ne. A na huɗu ya matse shi a igiya ya yi ta daka, Bahago ya durƙusa da gwiwa ɗaya. Ɗakin ya ɗauki ihu. Alƙali ya ƙirga har takwas, Bahago ya miƙe. Da ƙararrawa ta ƙara mana daƙiƙa ashirin, da wani labarin nake rubutawa. Ba ta ƙara ba.

Duk hutu ina goge masa fuska ina cewa, "Hannun?" Yana cewa, "Yana nan."

A na shida Bahago ya daina ja da baya a miƙe, ya fara jira. Hagun farko ya wuce ta saman safa ya sami gira. Turmi ya rungume shi. Na ji daɗin wannan rungumar fiye da duk naushin da ya yi. A hutu na ce, "Hannun?" Ya ce, "Da nauyi, amma yana nan."

A na bakwai Turmi ya faɗi. Ban ga alamar ya ga naushin ba. Tawul yana hannuna, na ɗaga shi har kafaɗa. Sai na ga ya juyo ya dube ni daga ƙasa, idonsa tar, ya girgiza kai. Ya tashi a shida. Ban jefa ba. Minti ɗaya da rabi da suka rage ban san yadda suka wuce ba, na dai san na ciji leɓena har jini.

Ya dawo kusurwa ya zauna. Na cire masa robar baki. Ban ma tambaya ba.

Ya ce, "Kawu, ina ce masa ya tashi, ya ƙi."

Na ce, "To?"

Ya dubi ɗaya kusurwar, inda Bahago ke zaune an ɗora masa ƙanƙara a haƙarƙari yana numfashi da baki. Ya daɗe yana dubansa, har aka busa a fita daga fili.

Ya ce, "Jefa."

Na jefa.

Wasu sun yi ihun tsiya, wasu sun tafa. Bahago ya tako har kusurwarmu yana dafe da gefensa, ya rungume shi ya ce bai taɓa shan duka irin na yau ba. Yaya ba ta shiga ɗakin ba, a mota ta zauna tun farko har ƙarshe. Da muka fito ta kama fuskarsa da hannu biyu ta juya ta dama da hagu kamar mai sayen kankana, sannan ta ce da ni, "Auta, da ƙafarsa ya fito." Ta buɗe mini gaban mota.

Talata, bayan azahar

Mun je a ɗauki hoton kansa da kafaɗar, don a tabbata. Kai lafiya. Muna zaune a baranda muna jira, hoton ƙashin a hannunsa yana ɗaga shi ga haske, sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na ce ranar haɗarin nan gudu nake yi. Na ce uwarsa ta ce kada in ɗauke shi a babur, na ɗauke shi. Na ce duk sunan da na ƙi a littafin nan, rabi don shi ne, rabi don kada in ga aikina a fili gaban mutane.

Ya ce, "Kawu, ai ni na sake ka. Hulata iska ta ɗauke, na saki rigarka da hannu biyu zan cafe. Na tuna sarai. Jar hula ce."

Na ce ko ma mene ne, gudu nake yi.

Ya ce, "To mu raba, kowa ya ɗauki rabi." Ya miƙo mini hoton ya ce in riƙe, zai je neman ruwa.

Ban san tsawon lokacin da na yi zaune da shi a hannu ba.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Likita ta ce hutun wata guda. Duk da haka ya zo, ya zauna a benci yana gyara wa masu tsallen igiya ƙafa da baki. Ya sha shayinsa da zafi.

Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Mai Kwat ya kira, muryarsa har rawa take. Ya ce gari ya ɗauka, kowa maganar zagaye na huɗu yake, mutanen Bahago sun yarda a sake karawa, wannan karon zagaye goma sha biyu. Na ce ya dakata. Na rufe wayar da tafin hannu na faɗa wa Turmi duka, ban rage ko kalma ba.

Yana zaune yana naɗe bandeji. Ya tambayi zagaye nawa, na maimaita. Ya ɗaga hannun dama ya kai haɓa, ya riƙe shi can na ɗan lokaci, ya sauke.

Ya ce, "A'a. A nemo mini mai hannun dama, zagaye takwas, kuma ba rago ba."

Na ɗaga wayar zan faɗa, ya miƙo hannu.

Ya ce, "Kawo, Kawu. Da bakina zan gaya masa."